Ƙaho a Gwiwar Baba

Daren Laraba, Rogo

Barci ya ƙi zuwa. Ina jiyo nishin Baba, gwiwarsa ta kumbura suntum.

Makon jiya na kai shi Kano aka yi masa allura a gwiwar. Likita ya nuna mini maganin. A sirinji kauri gare shi kamar kindirmo, da an matsa sai ya tsinke ya bi allura, in ya shiga gaɓa ya sake kamewa, ya hana ƙasusuwa gugar juna. Ya ce kada kowa ya taɓa wurin. Ran Juma'a Baba ya yi sujada ba kujera, har na yi ƙwalla.

Yau na dawo daga gona na tarar da wanzami yana wanke ƙahonsa. Wai Baba ya ji nauyi a gwiwa, ya ce mataccen jini ne.

Na ce, "Haba Baba! Me likita ya ce?"

Ya ce, "Ɗan nan, abin da ban sani ba yana cikin jikina, ya zan yi in kwana da shi?"

Ɗazu na ji yana ce wa Inna ta dawo masa da kujerar sallarsa.