Ɓeraye Ukun da Na Soke

Litinin, 8 ga Satumba

Ɓeraye ashirin da huɗu yau. Aikin dai na kullum: in jera su a kan ragar waya, in bari su natsu, in bi ta ƙasa da silin roba ina taɓa musu tafin ƙafa. Wanda ya janye in rubuta, wanda bai janye ba in ɗauko sili mai kauri. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa ɓeraye cakulkuli a ƙasar mutane, a gida kuwa har yanzu Likita ake ce mini.

Mako shida ke nan da aka yi musu ɗan rauni a jijiyar cinya. Ya warke, gashi ma ya rufe wurin. Amma uku daga ciki, da na taɓa su da sili mafi siranta, wanda ko ƙuda ba zai kora ba, sai su zabura su kama lasar ƙafa. Na soke lambobinsu, na rubuta a gefe: masu raki.

Laraba, 10 ga Satumba

Ruwa tun safe. Wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gininmu injinta na aiki, warin man dizal ya shigo ta taga. Sai ga ni a gaban motar Baba ina shekara bakwai, ƙafafuna ba su kai ƙasa ba, yana canja giya yana ce mini in riƙe masa hanya da ido kada ta gudu. Na taɓa ganin ƙarfe ya tsaga masa tafin hannu, ya ɗaure da tsumman goge inji, ya tuƙa mu har gida yana fito.

Mutumin nan ne daga baya zanen gado ke sa shi hawaye. Har yau na kasa haɗa su biyun.

Asabar, 13 ga Satumba

Yaya ta kira. Ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce sun samo wa Baba layi wurin wani likita da aikinsa ke nan, ciwon da ya ƙi tafiya bayan rauni ya warke. Ranar talatin ga wata. Baba ya ce ba inda za shi. Dalilinsa: ɗansa mai ilimi ya riga ya faɗi cutar, me zai je ya ɓata wa mutane lokaci.

Ta ce ya daina sa takalmi, ya daina zama a ƙofar gida, ciwon ma ya daina ambata. “Kai ka ɗaure shi, Auta, kai za ka kwance shi.”

Na ce mata ni abin da na sani na faɗa. Gaskiya ne kuma. Shekara tara da jak ɗin ɗaga mota ya zame, mota ta danne masa ƙafa. Ƙashi ya haɗe. Likitoci huɗu sun duba hoto sun ce lafiya lau. Zuwana gida na ƙarshe, shekara huɗu ke nan, gefen zanen Inna ya shafi ƙafar tana wucewa, ya yi wata ƙara da har maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa na gaji, na ji kunya, a gaban surukansa na ce, “Baba, ƙafar nan ta warke. Raki ne kawai.” Ya dube ni ya ce, “To, Likita.”

Tun daga ranar in na kira, lafiya lau, lafiya lau, ga mahaifiyarka.

Talata, 16 ga Satumba

Yanka laka duk yini. Lakar bayan ɓera siririya ce kamar tsinken ashana, ina fere ta falle-falle a cikin injin sanyi har yatsuna su mutu. Ba wanda ya kai ni iya wannan a ginin nan, ba kuma wanda zai ga sunana a saman takardar bincike. A ƙasa dai, wajen godiya, kusa da masu ba dabbobi abinci.

Ƙa’idar Farfesa, shugabar ɗakin bincikenmu: wanda zai duba gilasan da ake shimfiɗa yankan lakar a kai ba zai san na wane ɓera ne ba. Ita ke liƙa wa kowane gilashi harafi, ta rufe sirrin a ambulan, ta kulle a durowa. Da can ina ɗaukar abin rashin yarda. Amma ko kanta ba ta ɗauke wa dokar ba, wannan dole in faɗa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Farfesa ta ga inda na soke. Ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta tambaye ni da wane sili na auna raki.

Sannan ta ja kujera ta zana mini a bayan wata tsohuwar takarda. Na san rabin abin, shekara nawa ina jinsa ta saman kaina, ban dai taɓa zama na saurara ba. Saƙon ciwo ba kai tsaye yake zuwa ƙwaƙwalwa ba, sai ya ya da zango a laka. Ƙwayoyin halittar da ke karɓarsa a can suna da wasu ƙofofi da sinadarin maganisiyam ya toshe. In saƙon ya yi ta dukansu kwana da kwanaki, toshiyar ta fice, kalsiyam ya kwarara ciki, ƙwayar ta ƙara dasa sababbin ƙofofi, ƙaramin motsi ya ishe ta ta tashi. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwayoyi masu gadin lakar, su ma sai su farka su riƙa zubo wani sinadari da ke lalata famfon fitar da kulorayid. In wannan famfo ya raunana, jijiyoyin da aikinsu su ce isa haka ba sa iya tsayar da komai. Sai shafa ta bi hanyar ƙuna.

Na ce, wato birki ya tsinke. Ta ce ita ba ta san mota ba, amma e, kuma direban ba shi da laifi.

Ban taɓa gaya mata sana’ar Baba ba. Na tashi na ce zan duba injin.

Juma’a, 19 ga Satumba

Ɓera daban, mutum daban. Farfesa ma ta sha faɗin haka.

Litinin, 22 ga Satumba

Na duba gilasai ashirin da huɗu a madubin ƙara girma, ɗakin a rufe, ni kaɗai. A yawancinsu ƙwayoyin gadin sirara ne, jefi-jefi. A uku kuwa sun kumbura sun yi cincirindo a gefen da aka yi raunin, jajawur kamar garwashi, furotin ɗin famfon kuma ya dusashe. Na rubuta haruffansu, na sa hannu, na kai mata.

Ta buɗe ambulan a gabana, ta miƙo mini ba ta karanta ba.

Su ne. Ukun nan.

Hannuna ne ya soke su, hannuna ne ya zaɓo su. Ba wanda zan ce ya yi mini maguɗi. Na mayar da lambobin cikin lissafi, na rubuta dalili a gefe kamar yadda doka ta ce: kuskuren mai aunawa.

Laraba, 24 ga Satumba

A hanyar komawa gida na tuna yadda yake kwana da ƙafar a waje, bargo ya tsaya masa a gwiwa ko ana sanyi. Muna yi masa dariya ni da Yaya. Ita aƙalla ta zauna tana jinya. Ni na dawo nan na koyi sunan abin da yake ji, na kuma soke shi.

Na ɗauki waya sau biyu. Na wanke kwanoni.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na kira da hantsi. Kafin ya ce ga mahaifiyarka na tare shi.

“Baba, tsaya. In an danna ƙafar da ƙarfi da in an shafa ta a hankali, wanne ya fi zafi?”



“Shafawar,” ya ce. “Wa ya gaya maka?”

Na ce ba kowa. Ya ce shekara tara ba likitan da ya yi masa wannan tambayar, kowa sai ya danna ya ce ka gani, ba komai. Daga nan ya ɓalle. Iskar fanka, ruwan wanka, ƙafar wando. Minti arba’in, ni dai ina e, ina to. Na yi masa bayanin birkin, ya yi dariya, ya ce ai da tun farko makanike ya nema.

Ban ce ya yafe mini ba. Na dai ce na yi kuskuren awo, kuma likitan nan na ranar Talata ya fi ni sani.

Talata, 30 ga Satumba

Saƙon Yaya: sun je. Ya shiga da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. An ba shi magani, an ce sai a hankali, ba alkawari. Wai ya ce wa likitan ɗansa ma a kan laka yake aiki, can waje.

Na nemi hutun mako uku a Disamba. Gajiya ce kawai, na daɗe ban huta ba.