Ranar Talata Sunana Fathi

Zuwa ga Yaya Fathi,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar nan ta yi sauƙi tun komawarka gida. Ka gaishe min da Umma, da Nagwa da yaranku.

Ni lafiya ƙalau nake, kada Umma ta sa komai a ranta. Kullum da safe ina shiga New York daga jiharmu ta maƙwabta da burodi a motar da ka bar min, lasisinka na tuƙi a aljihuna, kamar yadda muka shirya, tunda ni har yanzu ba ni da takardun zama.

Sai dai sun kawo sabuwar doka, wai don rage cunkoso. Duk motar da ta shiga tsakiyar birni sai ta biya, kuma kyamara ce a sama ke ɗaukar lamba. Jiharmu da ta New York suna ta shari'a a kan dokar, mu kuwa kullum ta ƙarƙashin kyamarar muke wucewa. Kawu Girgis mai sayar da falafel, ƙosan nan na Larabawa, ya ce min, "Ɗana, kyamarar nan ta fi surukata sa ido." Na yi dariya, amma tun ranar ban sake ɗaga kai a wurin ba.

Jiya takarda ta zo da sunanka. Wai akwai abin da bai yi daidai ba a rajistar motar, mai ita ya zo da kansa ranar Talata. Wataƙila ba komai ba ne.

Na aske gemu, na bar gashin baki irin naka, ina ta koyon sa hannunka. Ka sa ni a addu'a. In Laraba ta yi ban kira ba, ka ce wa Umma aiki ne ya yi yawa.

Ƙaninka,
Ramzi