Igiyar Ɗaukar Hoto ta Halilu

Goronyo, ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Junaidu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina roƙon Allah Shi sa wagga takarda ta ishe ka lahiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya. Jikin Baba da sauƙi, yana iya tashi zaune da hantsi. An saki ruwan dam a kan kari, albasa ta yi kyau.

Yaya, kyamarar nan da ka aiko don a ɗauko maka hoton gida gaba ɗaya ta hana mu sakat. Ƙanenka Halilu ya rantse babu mai taɓa ta sai shi, kuma dole shi hito cikin hoton. In an saita ta don ta ɗauka da kanta, daƙiƙa goma take ba mutum, ka ko san tun haɗarin babur ba ya iya gudu. Sau shidda muna jeruwa, sau shidda bayanshi kaɗai muke gani. Na ce a kira maƙwabci shi latsa, ya ce mi na sani.

Sai ya ce zai haɗa igiyar da ake latsawa daga nesa. Ya yanke kan abin kunnena na sauraren rediyo, wai shi ne daidai ramin kyamarar. Ya kwance wayar famfon sola, gona ta kwana biyu babu ruwa. Ya ciro maɓallin odar babur ɗin mijina Mode, ya dasa cikin gwangwanin man zafi, ya liƙe da dalma. Haka Mode ya tahi Rimawa yana yi ma shanu ihu da baki.

Ran Juma'a munka ɗauko Baba bisa kujera, kowa ya ci ado. Halilu ya latsa, shiru. Ya aje gwangwanin bisa tabarma, ya je ya gyara wayar, ya dawo ya zauna bisa gwangwanin bai sani ba. Kyamara ta dinga ƙyas-ƙyas ba tsayawa, shi yana lalube, ni ina faɗa. Sai Baba ya fashe da dariya har da hawaye. Yaya, rabonmu da jin wagga dariya tun kahin azumi.

Hoto saba'in da huɗu, babu ɗaya da muke duban gaba. Ga wanda Baba ke dariya nan na sako maka. Ni bakina a buɗe yake, ka yi haƙuri, da dalili. Inna ta ce shi za a wanke babba a rataye.

Yanzu Halilu ya ce ta gaba ba ta son waya, ya soma zagayen rimot ɗin talabijin. Na ba Inna ta ƙulle shi a bakin zane. Don Allah ka kira Halilu, ni na gaji.

Ka gaishe da Anti Sauda da Ruƙayyatu da jaririnta. Baba na sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Uwaliya