Baƙuwar da Inna ta bar wa kujerar gaba

Gummi, daren Laraba, cikin Agusta

Madam Agnes, nas ɗin da ke haya kusa da mu, ta tafi garinsu jinyar mahaifinta. Ɗakinta na yoyo, sai ta kawo mini amanar mutum-mutumin Maryamu uwar Yesu, wanda take durƙusawa a gabansa kullum da carbinta. Har da ƙwalla ta ce kada ruwa ya taɓa shi. Na ce ba komai, don na manta wa ke mulkin gidan nan.

Inna, mahaifiyata, na gani ta ce, "Wanga abu ba ya kwana gidan ga. Mala'iku ba su shiga inda siffa take."

Na ce to, bari in kai rumbu.

"Mi kac ce? Uwar Annabi Isa cikin shinkafa da ɓeraye?"

"Inna, siminti ne fa."

"Na sani! To sunan wa ag gare shi?"

Duk littattafan da na tara ban ga babin wannan ba. Gida ya haramta, rumbu rashin kunya ne, amana kuma tana wuyana. Daga ƙarshe muka daidaita a kan motata da ke kwana a waje. Inna ta lulluɓe ta da mayafinta na Sallah, ni kuma na zaunar da ita a kujerar gaba na ɗaura mata bel.

Gobe akwai suna a Bukkuyum, da motar za mu je ni da Inna. Na ce sai mu mayar da baƙuwar but ɗin mota, wurin kaya. Inna, wadda ko ga limaminmu ba ta taɓa barin kujerar gaba ba, ta harare ni ta ce, "Bar ta inda take. Ni na zamna baya."