Ranar da Zango ta ce ba ta san Nasara ba

Daren Laraba

Alhamdu lillahi, mun samu! Makarantar nan ta Oforikrom ta zaɓe mu, mu ne za mu riƙa dafa wa malamansu waakye, wato shinkafa da wake, kullum.

Amma saura kaɗan aikin ya kuɓuce mana. Direban da suka aiko da wasiƙar ya yi ta zagaya Zango yana tambayar Abincin Nasara, sunan da na yi wa shagonmu rajista da shi. Ba wanda ya taɓa jin sa. Har Yaya Sule, wana ciki ɗaya, ya ce masa, "Malam, babu wannan shago a Zango." Ei! Zai sha faɗa gobe.

Direban har ya juya mota, sai ya ce wa wata mai kayan miya an gaya masa a ganye muke naɗe abincinmu, ba a leda ba. Ta ce, "Haba, ai wajen Inna Mai Ganye kake nema!" Ita ta rako shi har ƙofa.

Ni da nake jin kunyar wannan suna, ina ganin bai dace da takarda ba. Da na karanta wa Inna wasiƙar, dariya ta yi ta ce, "'Yar nan, gwamnati ta san Nasara, amma masu jin yunwa ni suka sani."

Gobe zan kira mai fenti. Sunan Inna a sama da manyan baƙaƙe, Nasara ta zauna a ƙasa.