Duwatsun da na jera sun tare ruwa

Daren Talata, watan Yuli

Bayana kamar an yi mini duka, amma murna ta hana ni barci. Jiya an kwana ana ruwa. Da asuba na nufi gonata ta gindin dutse da sauri, don damina uku ke nan ruwan da ke gangarowa yana kwashe mini shuka har da ƙasar.

Na tarar da hatsina tsaye! Jajayen duwatsun da na jera a gicciye sun tare ruwan, laka ta kwanta a bayansu.

Duk rani ina jido su da amalanken jakina, Yaya Ɗanjuma na yi mini dariya, wai mutane na fid da dutse daga gona, ni ina shuka shi. Alhali a saman dutsen na ga dabarar, a kufan da kakanninmu suka zauna zamanin yaƙi.

Da la'asar sai ga Yaya a gonata, ruwa ya tsaga gonarsa biyu. Ya daɗe yana kallon lakar, sannan ya ce, "Sani, jakinka na da aiki gobe?"

Na ce, "Yaya, kai ma shukar dutsen za ka yi?"

Bai yi dariya ba. Ni na yi.