Ƙaguwar da Lupe Ta Raba

Yaya Seini,

Gaisuwa da girmamawa. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Ha'apai? Surukata ke rubutawa, na ce kada ta rage komai.

Lafiyata ƙalau a Brisbane, ina ci ina ƙoshi. Bakina kawai aka ɗaure.

Jikata Lupe ta yi wata biyar a makaranta ba ƙawa. Na koya mata abin da mahaifinmu ya koya mana: ba a ci a gaban mutum ba a kira shi ba. Na naɗe mata ƙaguwa da kwakwa a ganyen gwaza, ta raba da wata yarinya, Imogen. Ashe jikin yarinyar ba ya ɗaukar ƙaguwa. Wuyanta ya kumbura, sai asibiti. Ta warke, mun gode Allah.

Na ɗauki kyautar tabarma mai kyau, bisa al'adarmu, na je ba ubanta haƙuri. Ta bayan ƙofa ya ce, "Ba komai, tsoho, amma su rabu." Ɗana kuma ya ce, "Baba, makarantar ta hana raba abinci. Bar mana tarbiyyar." Ni da ke riƙe da sunayen kakanni goma sha biyu!

Ban ce na yi kuskure ba. Amma jiya Lupe ta ce, "To Kaka sarkin sani, in ba abinci, da me ake yin ƙawa?"

Ki tambayi tsofaffin coci. In akwai mai amsa, ki aiko da wuri, Lupe ita kaɗai take ci har yau.

Ƙanenki,
Folau